Sifili Ba Iri Ɗaya Ba Ne: Nazarin Wani Ajin Hutun Bazara na Yara 'Yan Gudun Hijira

Makarantu da dama a ƙasashen da ke karɓar 'yan gudun hijira kan buɗe aji na musamman a dogon hutun bazara, domin yaran da suka iso a tsakiyar shekara su samu abin riƙewa kafin a koma karatu. Ajin da za a duba a nan na misali ne, an harhaɗa shi daga abubuwan da suka saba faruwa a irin wannan aiki. Yara 14 ne, 'yan shekara 11 zuwa 14, babu wanda ya kai wata takwas da isowa. Malama ɗaya ce da mataimaki ɗaya, sai tafintoci da ke zuwa sau biyu a mako ko a same su ta waya. Mako shida za a yi, Litinin zuwa Juma'a, daga ƙarfe 8:30 zuwa 12:30. A takarda awa 120 ke nan. Idan aka cire hutun tara, gaisuwar safe da lokacin haɗa kaya, abin da ya saura na koyarwa bai wuce awa 90 ba.

Duk wanda zai karɓi irin wannan aji ya kamata ya fara da wannan lissafin. Jim Cummins, mai bincike a Jami'ar Toronto, tun 1979 ya bambanta harshen hira da harshen karatu. Yaro kan iya hira da abokan wasa cikin kamar shekara biyu, amma harshen da zai fahimci littafin kimiyya da shi, ya kuma amsa jarrabawa, yakan ci shekara biyar zuwa bakwai. Awa 90 ba za ta koyar da harshe ba. Abin da za ta iya shi ne a gano wane ne kowane yaro, me ya sani, me ya rasa, a saba masa da makaranta, sannan a miƙa wa malamin sabon zango bayani na gaskiya a kansa. Shiga makaranta haƙƙi ne da Sashe na 22 na Yarjejeniyar 1951 kan 'yan gudun hijira ya tanada, amma yarjejeniya ba ta faɗi ajin da ya dace da yaro ba. Wannan aikin malamai ne.

Gwajin makon farko

Makarantar ta ba malamar gwajin da ta saba yi wa baƙin ɗalibai: shafi huɗu, duk cikin harshen ƙasar, har tambayoyin lissafin ma a cikin jimloli suke. Yara 11 cikin 14 suka tashi da sifili ko kusa da shi. Bisa wannan aka zuba su rukuni ɗaya, aka raba musu takardun koyon baƙaƙe masu hoton tuffa da ƙwallo, irin na 'yan shekara biyar.

Kafin makon ya ƙare ajin ya fara tsami. Wasu sun gama takardar cikin minti uku sun kifa kai a tebur, wani ko fensirin bai iya riƙewa daidai ba, wani kuma ya dunƙule tasa ya jefa kwandon shara. Laifin na gwajin ne. Abu ɗaya ya auna, wato harshen ƙasar, wanda dama an san ba su iya ba. Ya cakuɗa abubuwa huɗu da ya kamata a raba: rashin harshen makaranta, rashin iya karatu a kowane harshe, giɓin shekarun da aka yi ba a zuwa makaranta, da tsoro. Hukumar UNHCR, ta Majalisar Ɗinkin Duniya mai kula da 'yan gudun hijira, ta sha bayyana cewa kusan rabin yara 'yan gudun hijira da suka isa shiga makaranta ba sa zuwa, saboda haka giɓin karatu abu ne da za a tarar a kowane aji irin wannan. Sai dai faɗinsa ya bambanta daga yaro zuwa yaro.

Ƙasar Suwidin tun 2016 ta wajabta wa makarantu su binciki abin da sabon ɗalibi ya sani, da harshen da ya fi ƙwarewa a ciki, kafin a yanke ajin da za a sa shi, kuma a gama cikin wata biyu. Malamar ta yi ƙaramin samfurin wannan a farkon mako na biyu. Kowane yaro ya samu minti 25 shi kaɗai tare da tafinta, mataimaki na riƙe da sauran. Kwana uku aka gama. An ba yaro gajeren sakin layi da harshensa ya karanta da ƙarfi. Ko malama ba ta jin harshen, ido da kunne sun isa: yana tafiya sumul ko yana haɗa baƙi ɗaya-ɗaya, yana tsayawa a aya, yana gyara kansa in ya yi kuskure? Sai tafinta ya yi masa tambaya biyu kan abin da ya karanta. Daga nan ya rubuta sunansa da jimla uku kan abin da ya ga dama. Sai shafin lissafi mai tambaya 12, babu kalma ko ɗaya a ciki, daga tarawa har zuwa ɓangarori, an kuma rubuta shi da irin lambobin da yaron ya sani. A ƙarshe tambayoyi kaɗan: shekara nawa ya yi a makaranta, da wane harshe, yaushe rabonsa da aji. Ba a tambayi kowa yadda ya baro gida ba.

Yara uku da gwajin ya haɗa

Ta farko 'yar Afganistan ce mai shekara 14. Ba ta ce uffan ba a makon farko, har mataimaki ya fara zaton ko tana da matsalar fahimta. Da aka miƙa mata rubutun Dari, wato harshenta, ta karance shi tas, ta amsa tambayoyin, ta cika rabin shafi da rubutu, ta ci 11 cikin 12 a lissafi. Ta gama aji shida, sai dokar da Taliban ta kafa tun 2021 ta hana 'yan mata wuce nan ta tsayar da ita. Shirunta irin wanda masu koyon sabon harshe da yawa kan yi ne, su ɗauki makonni ko watanni suna saurare kafin su buɗe baki, kuma ya fi tsanani ga yaron da ya saba zama na gaba a aji, wanda ba ya son a ji kuskurensa. Takardar tuffa da ƙwallo cin fuska ce gare ta.

Na biyu ɗan Kongo ne mai shekara 12, haifaffen sansanin Nyarugusu da ke yankin Kigoma a Tanzaniya, inda makarantu ke bin manhajar Kongo da Faransanci. Yana jin Suwahili, ya san baƙaƙen boko, rubutunsa kuwa ya fi na kowa kyau. Shi ne wanda ya fi saurin ruɗar malami. Duk abin da aka rubuta a allo zai kwafe shi ba kuskure, zai ɗaga kai ya ce ya gane, zai ma karanta jimla da ƙarfi. Da tafinta ya tambaye shi abin da sakin layin Faransancin ke cewa, sai ya yi shiru. Ya koyi furta rubutu da kwafe shi a aji mai cunkoso, inda hakan ya wadatar, amma ba a taɓa neman ya faɗi ma'ana da bakinsa ba.

Na uku shi ne lamarin ya fi nauyi a kansa. Ɗan Sudan ne daga yammacin Darfur, ya bi ta gabashin Cadi bayan yaƙin da ya ɓarke a Afrilun 2023. Takardarsa ta ce shekararsa 13, ranar haihuwa 1 ga Janairu, wadda sau da yawa ita ake rubuta wa wanda ba shi da shaidar haihuwa. Yana iya fin haka, yana iya kasawa. Takardar ta kuma ce harshensa Larabci. Harshen gidansu Masalit ne, Larabcin Sudan na biyu ne gare shi, tafintan da aka fara kawowa kuma Larabcin Siriya yake yi, suka yi ta kai-kawo ba su fahimci juna sosai ba. Ya yi makarantar allo na ɗan lokaci, yana da hadda, ya san siffar wasu baƙaƙen Larabci, amma bai iya karanta jimlar da bai haddace ba. A shafin lissafi bai taɓuka komai ba. Da aka faɗa masa tambayoyin da baki, da misalin saye da canji, sai ga shi yana tara lambobi masu gida biyu da ka, ya riga tafinta kai wa ga amsa. Shi ne wanda ya dunƙule takarda ranar nan.

Bincike ya fito da wani abu a gefe: wata yarinya da ake cewa ba ta mai da hankali, ashe ba ta ganin allo daga baya. Aka dawo da ita gaba, aka rubuta wa iyayenta takardar zuwa gwajin ido. Duba gani da ji ba ya cin minti biyar, kuma ya kamata ya riga kowane gwaji.

Yadda aka sake tsara yini

Jadawalin bai ƙara canzawa ba daga nan, an manna shi a bango da hotuna da hannun agogo. Minti 15 na gaisuwa da kwanan wata, minti 45 na magana ga kowa da kowa, minti 45 na karatu a rukuni-rukuni, tara ta minti 25, lissafi minti 45, sanin makaranta minti 45, sai minti 20 na bita da haɗa kaya. Yaron da rayuwarsa ta daɗe ba ta da tabbas yakan samu natsuwa idan ya san abin da zai biyo baya, shi ya sa ko ɗan canji za a yi sai an sanar tun da safe.

A darasin magana ana shigo da sababbin kalmomi takwas zuwa goma a rana, ba a wuce haka, kuma kowace sai ta dawo a kwanakin da ke biye. An yi amfani da hanyar da James Asher ya fito da ita a shekarun 1960, inda malami ke ba da umarni yaro ya amsa da jikinsa: tashi, buɗe littafi shafi na tara, miƙa wa na kusa da kai almakashi. Amfaninta a nan shi ne mai shiru ma yana nuna ya gane ba tare da an tilasta masa magana ba. Jimlolin farko da aka haddace su ne na ceton kai: ban gane ba, a maimaita, ina son zuwa bayi, ba ni da lafiya.

Karatu aka raba uku. Rukunin 'yar Afganistan, su biyar da suka iya karatu da harshensu, an koya musu baƙaƙen boko cikin kwana huɗu, domin wanda ya san cewa alama na wakiltar sauti sabuwar alama kawai yake buƙata. Inda suke tuntuɓe sananne ne: rubutu daga hagu zuwa dama, babban baƙi da ƙarami wanda babu shi a rubutun Larabci da Dari, da kuma zubar da wasula, tunda a can ba a cika rubuta gajerun wasula ba. Daga nan aka ba su ƙamus mai harshe biyu da gajerun rubuce-rubuce kan abin da sa'o'insu ke karantawa, kamar zagayen ruwa da sassan tsiro, aka bar su su fara rubuta amsa da harshensu kafin su juya ta. Rukunin ɗan Kongo an hana su kwafa gaba ɗaya na tsawon mako biyu. Aikinsu shi ne haɗa jimla da hoto, jera jimlolin da aka yayyanka, da nuna abin da jimla ta ce. Tambayar "kun gane?" ma an daina ta, an koma "nuna mini".

Rukuni na uku yara uku ne, malamar da kanta ke zama da su. Sauti biyu ko uku a mako, a ji shi, a furta, a zana shi da yatsa, sannan a rubuta. Kayan aikin ne suka fi muhimmanci. An kawar da littattafan ƙananan yara, aka ɗauko hotunan alamomin hanya, jadawalin bas, sunayen 'yan ƙwallo. Yaro ya faɗi jimla, malama ta rubuta, jimlar ta zama abin karatunsa na gobe. Teburinsu yana gefe, kuma ba a taɓa sa ɗayansu karatu a gaban aji ba. Namiji mai shekara 13 zai gwammace a ce masa fitinanne da a ce bai iya karatu ba, kuma yawancin abin da ake kira taurin kai a irin wannan aji daga nan yake tasowa.

Lissafi ya fi kowane darasi ɓoye ƙwazo. A lambobin da ake amfani da su a Siriya da Sudan, biyar zagaye ce kamar sifili, sifili ɗigo ne, shida kuma tana kama da 7. Larabci yana fara faɗin ɗaiɗaiku kafin gomiya, don haka yaro kan rubuta 52 idan an yi masa shiftar 25. Wanda ya yi makarantar Faransanci yana sa waƙafi inda wasu ke sa ɗigo, rabawa mai tsawo kuma da wani tsari daban yake jera ta. Aka manna teburin lambobin iri biyu a kowane benci, aka kuma kafa doka: muddin amsa ta fito daidai kuma yaro zai iya nuna hanyarsa, ba a canza masa hanya.

Darasin sanin makaranta ana raina shi, alhali shi ne ke rage wa yaro wahalar makon farko na sabon zango. An bi da su ɗakin cin abinci, ofishin ma'aikaciyar jinya, bayin maza da na mata, an gwada buɗe akwatin ajiya, karanta jadawalin darussa, da neman izinin fita.

Abubuwan da suka kwaɓe

Ɗan Kongo bai zo ba kwana biyun farko, sai a gan shi da mahaifiyarsa a bakin ƙofa bayan an tashi. An aika musu saƙon da na'ura ta fassara kalma da kalma. Masu jin Suwahili suna fara ƙirga awa daga wayewar gari, ƙarfe bakwai na safe shi ne awa ta ɗaya, don haka takwas da rabi a wurinsu biyu da rabi ne na rana. Aka koma aika saƙon murya ta bakin tafinta, tare da hoton agogo.

A mako na uku ƙararrawar atisayen gobara ta kaɗa ba tare da an sanar da ajin ba. Yara biyu suka shige ƙarƙashin tebur, ɗan Sudan ya fita da gudu sai a bayan wurin ajiye motoci aka same shi. Mataimaki ya yi abin da ya dace: bai kama shi ba, bai ɗaga murya ba, ya tsuguna ɗan nesa da shi ta inda zai gan shi, ya miƙa masa ruwa, ya jira har numfashinsa ya daidaita. Jagorar agajin farko ga masu firgici da Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar a 2011 ta tsaya a kan abu uku, a duba, a saurara, a haɗa mutum da mai taimako, kuma ta hana matsa wa mutum ya ba da labarin abin da ya same shi. Washegari tafinta ya bayyana wa ajin amfanin ƙararrawar, aka kunna sautinta a waya ƙasa-ƙasa, aka yi tafiyar fita sau biyu cikin natsuwa. Malamar ta rubuta abin da ta gani, da rana da lokaci, ba tare da ta laƙaba wa yaron sunan wata cuta ba, ta miƙa wa mai ba da shawara na makaranta. Gano ciwo ba aikinta ba ne.

Kayan koyarwar da makaranta ta saya suna da darasin zana bishiyar dangi da zana gidanku. Mataimaki ya fara shi wata rana da malamar ke ganawa da iyaye. Wata yarinya ta tsaya a gurbin uba ta fashe da kuka. Aka cire darasin, aka maye gurbinsa da mutanen da nake gani kullum, da abin da na iya yi. Kalmomin dangi an koye su da hoton wani iyali na ƙage. Idan yaro ya kawo labarinsa da kansa, a saurare shi, kada a tone, kuma kada a yi masa alkawarin rufe sirri, domin in akwai haɗari a maganar dole a kai ta gaba.

Sai batun tafinta. Da aka ga 'yar Afganistan ta fi kowa saurin kamawa, sai aka fara jingina mata wani yaro ɗan ƙasarsu. Shi Pashto yake ji, ita Dari, harsuna biyu ne mabambanta. Ya kai har wata ma'aikaciyar ofis ta kira ta daga aji ta fassara wa mahaifiyarta takardar rigakafi. Malamar ta tsayar da wannan. Yaro na iya nuna wa ɗan'uwansa shafin da ake, amma maganar lafiya, horo ko takardun zama ta manya ce. Ga ɗan Sudan kuma an nemo mai Larabcin Sudan, an kuma fara tambayar mahaifiyarsa ko ta amince da shi, saboda mutanen da suka gudo daga yaƙin ƙabilanci ba kowane ɗan ƙasarsu za su saki jiki da shi ba.

Abin da aka miƙa a mako na shida

Ba a ba da maki ba. Kowane yaro an rubuta masa shafi ɗaya: yadda ake furta sunansa, harsunansa bi da bi da wanda yake karatu da shi, shekarun makaranta da giɓin da ke ciki, abin da yake iya yi yanzu cikin jimloli bayyanannu, abin da ke tayar masa da hankali da abin da ke kwantar da shi, da hanyar da ta fi dacewa a samu iyayensa. An haɗa da rubutunsa biyu, na mako na biyu da na mako na shida. An karanta wa iyaye shafin ta bakin tafinta kafin a miƙa shi.

'Yar Afganistan ta fara amsa tambaya da gajerun jimloli a mako na biyar. An ba da shawarar ta shiga lissafi da kimiyya tare da sa'o'inta, da ƙamus da ƙarin lokaci a jarrabawa. Shafin ɗan Kongo ya fara da gargaɗi cewa kyawun littafinsa ba shaidar fahimta ba ce, a riƙa neman ya faɗi ma'ana da bakinsa. Ɗan Sudan ya kai ga sauti 12, yana karanta kalmomi masu gaɓa ɗaya da jimlolin da shi ya faɗa, yana rubuta tarawa da ɗebewa a takarda. Malamar ta nemi a ba shi darasin karatu na minti 45 kullum a ƙaramin rukuni na tsawon shekara, ya kuma zauna da sa'o'insa a wasanni, zane da aikin hannu, kada a mayar da shi cikin 'yan shekara bakwai. Makarantar ta amsa cewa malamin da take da shi na wannan aiki kwana uku kawai yake zuwa a mako, don haka aka rubuta kwana ukun a jadawalinsa, aka sa ranar sake duba lamarin bayan mako takwas da komawa karatu.